Litinin ta Biyu

Na san Maritza Olguín tun tana rarrafe. Gidana da nasu bango ɗaya ne, bangon katako da aka lulluɓe da kwano, a can saman tudu inda matakala ke ƙarewa. In aka yi atishawa a gidansu, daga gidana ake cewa sannu. Daga inda bas ke ajiye mu zuwa ƙofarsu matakala ɗari da arba'in da biyu ne. Ba ni na ƙirga ba, gwiwoyina ne.

Mahaifinta, Don Rigoberto, dako ya yi a tashar jiragen ruwan Valparaíso shekara talatin da huɗu, kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago ne na gani-kashe-ni. Ba ya shiga coci sai in an yi mutuwa. Duk da haka ban taɓa ganin ya wuce mabuƙaci ba, shi ya sa nake sa shi a addu'a ba da saninsa ba. Abokin marigayi mijina Segundo ne tun suna samari.

Maritza tun tana ƙarama ba ta da surutu, sai karatu. Ita ce yarinyar da ke karanta wa tsofaffin unguwa wasiƙa, kuma ba ta tsallake layi. Ko takardar da ke cikin kwalin magani sai ta kai ƙarshenta, har da ƙananan rubutun da ake yi don kada a karanta. Da ta girma ta tafi Santiago, ta sami aiki a wani kamfani mai shirya takardun inabi da tuffa da ake lodawa a jirgi zuwa ƙasashen waje. Shekara ashirin da biyu ta yi musu. Ta taɓa yin wani saurayi direba, abin bai yiwu ba, ba ta sake ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba.

Da annoba ta zo, kamfanin ya ce kowa ya yi aiki daga gida. A shekara ta biyu Don Rigo ya faɗi a kicin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa Fresia ta riga ta rasu, ɗansa namiji kuma yana can arewa wajen haƙar ma'adinai. Maritza ta saki ɗakinta na Santiago, ta hau matakalar nan da kwamfuta a rungume kamar jariri, ta kafa tebur a jikin taga.

Shekara uku ina ganin yadda take yi, kuma har yau ban gane inda take samo hannuwan ba. Abin sauraro a kunne, ido a kan lambobin kwantena, cokali a hannun hagu. Tana cikin yi wa wani mutum a waya bayanin takardar da ta ɓace, sai ta danna wani maɓalli ta ce, “Haɗiye, Baba,” ta sake dannawa ta ci gaba da magana da muryar ofis. Kujerar tsohon na gefenta, yana kallon teku. In jirgi ya ɗaga sai ta nuna masa.

“Ka ga jan can? Inabi ne. Ni na sallame shi.”

Sai ya yi gurnani, irin na wanda ya duba aikin yaro ya ga ba laifi.

Kalmomi uku ciwon ya bar masa. Yana iya cewa “a'a”, yana iya cewa “Fresia”, sai wata ashar ta bakin tasha wadda ba zan rubuta ba. Da ukun nan yake mulkin gidan. Ba ya karɓar abinci daga hannun kowa sai na 'yarsa, ba ya yarda kowa ya taɓa masa gemu. Ni kuwa kullum da yamma nakan kawo burodi mai zafi, ita ta dafa shayi ta murje fiya da gishiri, mu zauna mu uku mu ci. Matsayina a gidan ke nan: mai kawo burodi.

A watan Fabrairu, tsakiyar zafi, lokacin da rabin ƙasa ke hutu a bakin ruwa, saƙo ya zo daga sabon manajansu, wani Don Cristóbal. Kowa ya dawo ofis. An ba su kwana talatin kamar yadda doka ta ce. Wai don a saba a hankali, a watan Maris ranar Litinin kawai za a riƙa zuwa, daga Afrilu kuma kullum.

Daga ƙofar Maritza zuwa wannan ofis awa biyu da rabi ne in hanya ta yi kyau. Kullum na nufin ko ta bar aikin, ko ta kai uban gidan tsofaffi. Ta kira manajan ta gaya masa halin da ake ciki. Ya ce, “Haba Maritza, kada ki damu, za mu duba.” Ita da ba ta tsallake layi, sai ga shi ta karɓi maganar baka ta ajiye kamar takarda. Gajiya ce. Wanda bai yi jinya ba ba zai gane ba.

Su shida ne mata a sashensu, kuma mai bakin cikinsu ita ce Yasna Tapia, uwar 'yan biyu. Wata yamma muna shan shayi ta kira, Maritza ta buɗe muryar wayar ta jingina ta da gwangwanin sukari.

“Ke tsohuwar ma'aikaciya, kina jina? Mun gama magana. Ranar Litinin ba mai zuwa. Kowa ta kunna kwamfutarta a gida ƙarfe takwas da rabi, mu yi aiki har ya fi na kullum. In ya ga kujeru shida babu kowa, jirage kuma na tashi, kunya za ta kama shi.”

“Kunya?” in ji Maritza. “Yaron da ke sa takalmi ba safa?”

“Wallahi na ga idon sawunsa fiye da yadda na ga na mijina! Ke dai kina ciki ko ba kya ciki?”

“Ina ciki. Ina zan je da tsoho?”

“Yauwa. Gaishe min da saurayina Don Rigo. Ki ce masa in ya warke ni ce ta farko a layi.”

“A'a,” in ji Don Rigo, muka kwashe da dariya.

Litinin ta farko ta zo ta wuce. Ba wadda ta je. Manaja bai kira ba, bai aiko saƙo ba. Ranar Talata da yamma Maritza na shafa fiya a burodi tana ba mu labari, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin Kirsimeti.

“Ko tari bai yi ba, Señora Herminia. Yasna ta yi gaskiya. Litinin mai zuwa ma haka za mu yi.”

Sai Don Rigo ya buga cokali a kofi.

“Ya yi zafi, Baba?”

“A'a.”

Ya sake bugawa, da ƙarfi. Ya kira Fresia. Ya yi ashar ɗin nan sau biyu. Sannan ya jawo sandarsa da hannun hagu, ya kai wa kalandar gidan burodi da ke rataye a bango duka, ta faɗo daga ƙusa. Ya ɗaga yatsu biyu.

“Sukari biyu? Likita ya hana. Burodi biyu? Baba, me ya same ka?”

Ba ita yake kallo ba. Ni yake kallo. Kuma na gane, don na taɓa ganin yatsun nan biyu a ƙofar gidana shekara arba'in da suka wuce.

Segundo mutumin kirki ne kwana biyar a mako. Asabar da Lahadi na giya ne. Litinin kuwa, kamar yadda mazan tasha ke faɗa suna dariya, ta Waliyyi Litinin ce, waliyyin da ba ya cikin kalandar coci, wanda ake yi wa ibada a kwance da tsumma mai sanyi a goshi. A wani watan Yuni mijina ya yi wa wannan waliyyi ibada sau biyu. Ranar Laraba sito ɗin da yake wa aiki ya ba shi takardar kora, bayan aikin shekara goma sha ɗaya ya fito hannu rabbana. Don Rigo ne ya raka shi ofis ya yi ta faɗa, ya dawo ya tsaya a ƙofata ya ɗaga min yatsu biyu, ya ce doka ce, ba abin da ƙungiya za ta iya. A unguwa na ce ciwon baya ne ya zaunar da shi. Ban taɓa gaya wa kowa gaskiya ba sai ran nan.

Na ce, “'Yata, Litinin ba kamar sauran ranaku ba ce. In ma'aikaci ya yi fashin Litinin biyu a wata ɗaya ba da uzuri ba, korarsa ake yi, ba a ba shi komai.”

“Amma ai mu ba fashi muka yi ba. Aiki muka yi.”

“Ni ban yi karatu mai nisa ba. Abin da na sani, a littafinsu ba wanda ya ga fuskarki.”

Ta miƙe. Ta ɗauki kalandar ta mayar kan ƙusa, ta sumbaci uban a tsakiyar kai ta ce, “Tsohon ɗan tawaye.” Ta ture kofin shayinta, ta buɗe kwamfuta, ta koma Maritzar da na sani. Ta karanta har shayin ya huce.

“Haka ne,” ta ce. “Kwana biyu a jere, ko Litinin biyu a wata, ko kwana uku a watan. Mun riga mun ci ɗaya. Shi ya sa bai yi tari ba.”

Ko da gangan Don Cristóbal ya zaɓi Litinin, Allah ne masani. Ban ga zuciyarsa ba.

Ba nan ta tsaya ba. Ta ci gaba da karatu har ta kai kan wata sabuwar doka da ta fara aiki a farkon shekarar: mai kula da ƙaramin yaro, ko mai jinyar wanda ba ya iya yi wa kansa komai, yana da hakkin neman yin aiki daga gida in aikin mai yiwuwa ne daga can. Amma a rubuce ake nema, da shaida, kuma dole kamfani ya ba da amsa cikin kwana goma sha biyar. Shaidar ma tana da ita: katin mai jinya da ta yanka bara don a daina sa ta bin dogon layi a asibitin unguwa. Yana cikin jaka tare da katin bas.

“Wata guda ina jiran ‘za mu duba’,” ta ce, “ga abin a jakata.”

Daga Laraba zuwa Juma'a ta kira matan nan ɗaya bayan ɗaya. Ban da Yasna, uku daga cikinsu na da ƙananan yara. Ta rubuta wa kowacce takardarta, ta gaya mata shaidar haihuwar da za ta haɗa. Huɗu suka yarda za su je. Yasna ta ƙi.

“Au! Tsohuwa ta ba ki labarin mashayan zamanin da, shi ne cikinki ya ɗuri ruwa? Ni na yi kama da mai kwana a mashaya?”

“Yasna, doka ba ta shinshina baki. Ki zo ofis ki dangwala yatsa a na'urar shaidar zuwa aiki, mu yi faɗan a tsaye.”

“In muka je mun sare ke nan. Ku je ku gaishe min da idon sawu.”

“Don 'yan biyunki, ki zo.”

“Don 'yan biyuna nake zaune.”

Saura babbar matsala: wa zai zauna da Don Rigo? Ranar Asabar muka yi gwaji. Na ɗebo miyar kabewa a cokali na kai bakinsa, ya datse haƙora ya juya wa taga fuska. Na yi ta lallashi, a banza. Sai Maritza ta durƙusa a gabansa ta kama hannun mai lafiyar.

“Baba, kai ka kakkaɓo kalanda, ba ni ba. Ko ka ci daga hannun maƙwabciya, ko in zauna a nan in yi Litinin ta biyu. Zaɓi.”

Ya dube ta, ya dube ni. Ya faɗi kalmarsa ta uku a hankali, kamar mai sallama da wani abu. Sannan ya buɗe baki.

Ranar Litinin da asuba na ji ta ta bango tana sanɗa. Na leƙa na gan ta tana sauka da silifas, takalman ofis a leda, don shekara huɗu rabonta da su, ta ce ba za ta ba matakala ƙafarta kyauta ba. Na shiga na zauna. Tsohon ya farka bai nemi taga ba, agogo ya sa wa ido. Na ciro carbina na fara addu'ar safe a bayyane, don in rage mana jira. Duk inda ya kamata a ce amin, sai ya saka tasa kalmar. Na ce, “Don Rigo, ka ji tsoron Allah.” Ya ce, “A'a.” Na ci gaba, shi ma ya ci gaba. Ubangiji ya san abin da kowannenmu ke nufi.

Takwas da minti ashirin wayata ta yi ƙara. “Na dangwala. Mu biyar.” Na karanta masa sau biyu. Ya lumshe ido, ya bar ni na goge masa baki.

Rana na shirin faɗawa teku ta dawo, takalma a leda, dunduniya duk ƙuraje. Ta zube a kujera, na zuba mata shayi, ta ba mu labari tana kwaikwayon murya.

Da farko dai babu wurin zama. Ashe kamfanin ya saki hawa ɗaya na benen ofishin tun lokacin annoba, tebur uku ne suka rage wa mata shida. Biyu suka yi aiki a kicin, kwamfuta a gefen butar shayi. Don Cristóbal ya fito ya gan su, ya tsaya kamar wanda ya ga baƙin da bai gayyata ba.

“‘Maritza! Ai da ba ki wahalar da kanki ba, na ce za mu duba.’ Na ce, ‘Na gode, Don Cristóbal. Ga shi na kawo a rubuce don dubawar ta yi sauƙi.’ Ya ce, ‘Ajiye a nan.’ Na ce, ‘Biyu ne. Ɗaya taka, ɗaya tawa, a buga min hatimi da kwanan wata.’ Ya ce, ‘Tsakaninmu har sai da hatimi? Mu nan dangi ɗaya ne.’ Na ce, ‘Ko auren iyayena da hatimi aka ɗaura.’”

Don Rigo ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba tun da ya faɗi. Dariya ce.

Manajan ya ce hatimi na wurin sakatariya, ita kuma tana da aiki. Maritza ba ta yi gardama ba. Ta koma ta sallami kwantena goma sha bakwai. Da lokacin abincin rana ya yi, su huɗu masu takarda suka ja kujeru suka kewaye teburin sakatariya, kowacce da burodinta a cinya da takardarta a hannu. Sakatariyar, Señora Gladys, ta fi Maritza daɗewa a kamfanin. Ta dubi ƙofar manaja, ta dubi matan, ta buɗe aljihun tebur.

“Ta buga har sai da tebur ya girgiza, Baba. Sau huɗu.”

Ranar Laraba takardar korar Yasna ta iso gidanta. Fashin Litinin biyu. Ta kira tana kuka, ba zolaya ko ɗaya a bakinta. Ina zaune ina jiran jin abin da Maritza za ta ce, don da ni ce, Allah ya gafarta min, da na tuna mata an gargaɗe ta. Ba ta tuna mata ba. Cewa ta yi, “Share hawaye ki nemo biro.” Ta sa ta rubuta duk kwantenar da ta sallama a ranakun nan biyu, da lokacin kowacce, ta gaya mata ofishin ƙwadagon da za ta je da abin da za ta faɗa, ta kuma ce a sa sunanta a shaidu, alhali ita kanta ba ta san amsar da ke jiran ta ba. Maganar na kotu har yanzu. Yasna na sayar da kek daga gida kafin nan, kuma bakinta ya dawo.

Litinin ta uku ma Maritza ta je, ta huɗu ma haka. Kwana goma sha huɗu cif kamfanin ya yi shiru, Afrilu na matsowa. Ban ga ta yi kuka ba, amma na ga ta ƙona tukunyar shinkafa sau biyu, ita da ba ta ƙona komai. Ta ce in rana ta goma sha biyar ta faɗi ba amsa, da takardarta mai hatimi za ta kwana a hannu, da safe ta sauka ofishin ƙwadago.

A rana ta ƙarshe, da hantsi, amsa ta zo. Kwana huɗu a gida, Litinin a ofis. Sauran ukun ma kusan haka.

Ta karanta har ƙasa, har ƙananan rubutun, ta ɗago.

“Zan iya ja da su, Señora Herminia. Aikina ba abin da ke cikinsa da ke buƙatar Santiago. Amma in na karɓa, ba tawa Litinin kaɗai na bayar ba, har da taki. Ba zan sa hannu ba sai kin ce.”

Na ce, “Litinin ta taɓa ƙwace min abu. In yanzu ta kawo min aiki, ba zan kore ta ba.”

Ta juya ga uban. “Kai fa, shugaban ƙungiya? A sa hannu?”

Ya daɗe yana kallon teku. Kalmar “a'a” na bakinsa, ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, duk mun san haka. Bai faɗe ta ba. Ya tura mata biro da bayan hannunsa.

Takardar mai hatimi tana nan a bayan kalandar gidan burodi, ƙusa ɗaya ta riƙe su. Duk Litinin da asuba ina jin silifas na sauka, in ɗauki carbina in zagaya. Yanzu har gemu yake bari in aske masa, in dai ban yi waƙar coci ba. In jirgi ya ɗaga yakan nuna min da sanda, ni kuwa ban san na inabi da na tuffa ba, sai in ce masa, “Na Maritza ne.” Sai ya yi gurnanin nan nasa, mu jira na gaba.